Tabarmar Hagu ta Kawu Ugranath

Shekara hamsin da ɗaya kawuna Ugranath Pathak ya yi yana shan kaye a gaban jama'a, sau ɗaya kowace shekara, kuma a duk tsawon nan babu wanda ya taɓa kayar da shi da gaske. Ni ɗan ƙanwarsa ne. Ina koyar da Sanskrit, harshen tsofaffin littattafanmu, a jami'a a Darbhanga, ina da digiri uku da littattafai biyu waɗanda ko matata ba ta buɗe ba, kuma ni ne na ɓata masa rana ɗaya tak da ya roƙa a rayuwarsa. Shi ya sa nake ganin ni ya kamata in ba da labarinsa.

A ƙauyenmu Amtol, idan damina ta wuce ruwa ya janye daga gonakin shinkafa, malamai kan taru a rumfar ɗakin bautar Shiva da ke bakin tafki su yi muƙabala. A shimfiɗa tabarmi biyu suna kallon juna. Mai dama yana kare abin da kakanninmu suka tafi a kai, cewa akwai rai guda a cikin mutum wanda ba ya sauyawa ba ya mutuwa, shi ne jiya shi ne yau. Mai hagu yana magana da bakin mabiya Buda, waɗanda suka ce babu abin da ke ɗorewa, mutum jerin ƙiftawar ido ne, wannan ya wuce wancan ya maye. Mabiya Buda sun bar ƙasarmu tun ɗaruruwan shekaru, amma littattafanmu har yau da su suke faɗa, shafi bayan shafi, don haka dole wani daga cikinmu ya zauna a madadinsu. Da an kaɗa gangar cin abincin rana, shugaban zama ya ce dama ta yi nasara, a yafa wa mai dama sabon mayafi, kowa ya tashi ya wanke hannu. Haka aka gada.

Waɗanda suka riƙe hagu kafin Kawu sun san kan abin. Su jefa tambaya biyu uku marasa ƙashi, su bari a murƙushe su, a yi dariya, a nufi dakakkiyar shinkafa da kindirmo. Kawu yana da shekara goma sha tara aka ba shi tabarmar, don ya fi duk ɗaliban kaifin kai. Ranar da malaminsa, Pandit Jayadhar, ya nuna masa ita, magana ɗaya ya yi masa: "Ugra, in ka kawo mana abokin gaba gurgu, gaskiya ka zaga, don ka nuna gurgu kaɗai take iya kayarwa. Ka zo mana da su da ƙafafunsu." Kawu ya riƙe maganar kamar wasiyya. Ni ina ganin da tsohon ya san abin da za ta jawo, da ya haɗiye ta.

Shekara uku ya yi yana bin gidajen da ke da tsofaffin littattafai na ganyen giginya. Ba a ba da aro, ba a yarda a kwafa, sai dai ka zauna a zauren mai gida ka haddace, in ya gaji da kai ya naɗe abinsa. Haka ya tattara hujjojin mutanen da babu ko ɗayansu a raye a kusa, ya gyara musu inda suka yi rauni, ya ƙara musu abin da bai zo musu ba.

Masu dama kullum da tunawa suke kafa hujja. Su ce wanda ya ga tafkin nan jiya shi ne yake tuna shi yau, ba ka tuna abin da wani ya gani, saboda haka mai gani da mai tunawa rai ɗaya ne. A shekararsa ta huɗu Kawu ya bari suka gama, sannan ya ce: "Madalla. To ranar da ka manta ƙaf fa, wa ya rayu a cikinta? In ka ce kai ne, ina shaidarka, tunda tunawa ce shaidar da ka kawo? In ka ce ba kai ba ne, ka yarda ke nan wani ya ci wasu kwanaki a cikin rayuwarka." Na faɗa muku ita a harshen gida, a taƙaice. A Sanskrit, da yadda yake toshe kowace kafa tun kafin a neme ta, takan ci rabin sa'a. An ce ran nan mai dama ya yi ta gyaran murya yana gyara zama har aka kaɗa ganga, aka yafa masa mayafinsa kamar kullum. Haka aka yi ta yi. Kowace shekara a zo da sabuwar amsa, Kawu ya kwance ta, ganga ta ceci mai dama.

Mutanen Amtol ba wawaye ba ne, sun ga wanda ya ci. Abin da suka kasa ganewa shi ne yadda mutum zai kare magana haka alhali bai yarda da ita ba. Aka fara ce masa Na-Hagu, da farko a bayan idonsa, daga baya har mai sayar da pan, ganyen da ake taunawa. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga karatunsa ɗaya bayan ɗaya, ya koma koyar da nahawu a wata ƙaramar makaranta mai nisan mil huɗu, da ƙafa yake zuwa. Abin da ya fi ciwo shi ne sadakar mamaci. In mutum ya rasu malamai ake ciyarwa don ransa, kuma ba a tsallake gidan malami sai da dalili. Aka fara tsallake na Kawu. Maƙwabcinsa na katanga ɗaya, wanda Kawu ya taya jinyar mahaifinsa kwana shida, ya zo yana sosa ƙeya.

"Malam, ni ba ruwana, tsohuwa ce. Ta ce yaya za a kira wanda ya ce babu rai ya ci abinci don ran Baba."

"Ba ni na ce ba. Su suka ce."

"To ai da bakinka muka ji."

"Da bakina, i."

"To ka gani."

Kawu ya ce ya gani. Ranar sadakar ya rufe ƙofarsa, ƙamshin man shanu yana tsallako masa katanga.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Babu wanda ya kai mutumin nan ibada a ƙauyen. Kafin rana ta fito yana tafki, sanyi ko zafi, ya tsaya cikin ruwa har ƙugu yana zuba ruwa da tafin hannu don ran iyayensa, su kuma suna kallo. Ya yarda da rai fiye da duk masu mayafin. Mahaifiyata ta taɓa zuwa ta yi masa kuka.

"Yaya, ka ajiye tabarmar nan. Ko ka bari su kayar da kai sau ɗaya, me zai ragu a jikinka?"

"Su kayar da ni mana. Kullum da wannan fatan nake zuwa."

"Ka sassauta musu."

"In na sassauta ba su suka kayar da ni ba, ni na kwanta."

Ta ce taurin kai ne zai kashe shi. Ya ce ta gaida mijinta.

Mutum ɗaya ce take cin galabarsa, matarsa, wadda kowa yake kira 'yar Rahika da sunan garinsu. Ba ta iya karatu ba, amma ta gano lagonsa. Kamar kowane malami na tsohon yayi, Kawu ba ya magana idan ya fara cin abinci, in ya furta kalma ɗaya cin ya ƙare ke nan, sai ya tashi. To sai ta jira ya kai lomar farko, ta zauna da maficinta ta fara.

"Mai hagu, yau kuma wa na dafa wa? Na jiya ya yi mini alkawarin gyara rufin madafa. Na san ya wuce, bawan nan, na yau kuma bai san zancen ba."

Kawu ya ci gaba da tauna, kunnuwansa suna yin ja.

"Ni ma ka sani, ba ni ce aka kawo daga Rahika ba. Waccan mai haƙuri ce. Wannan ta yau in ruwa ya sake zubo mata a tukunya, littafin nan naka za ta toshe rufin da shi."

Sai ya gama, ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya buɗe baki zai yi bayani, ta riga ta kwashe kwanuka ta yi bakin rijiya. Shekara arba'in bai taɓa samun damar mayar mata ba, kuma ina jin wannan ne kaɗai kayen da yake jin daɗinsa.

Tana da shekara sittin mantuwa ta fara shigarta. Gishiri sau biyu a miya, sannan tukunya a kan wuta babu ruwa, sannan wata rana aka tsince ta a hanyar Rahika tana neman gidan uwarta da ta rasu shekara talatin. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure can Guwahati. Ta yi doguwar tafiya a jirgin ƙasa ta zo, uwar ta tambaye ta 'yar gidan wa ce. Kawu ya koyi girki da furfurarsa, shinkafarsa ko ta caɓe ko ta ƙone. Shi yake mata wanka, ya taje mata kai, ya shafa mata jan gari a tsagar gashi kamar kowace mai miji. Ita kuwa sai ta dube shi ta ce, "Baƙo, ba ka ga maigidan nan ba?" Ya ce mata yana zuwa. Cin abincinsa ya koma shiru na gaske.

Abu ɗaya ne bai bar ta ba. Kowace safiya idan ya tafi tafki, sai ta ja jiki ta zauna a bakin ƙofa tana kallon hanya. Maƙwabciya ta kawo mata shayi, ta ƙi karɓa. A tambaye ta wa take jira, ta ce ba ta sani ba. Sai ya shigo da jiƙaƙƙen zanensa, ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba, sannan ta miƙa hannu ta karɓi kofin. Shekara huɗu ana haka, kafin ta rasu a wani lokacin sanyi. Ranar sadakarta, malaman da suka daɗe suna tsallake gidansa duk suka zo, suka ci, suka yi gyatsa.

Bayan shekara biyu na samu wasiƙarsa, kalma biyu ce: ka zo. Na same shi da rana a kan gadon katako a barandar gidan, ya rame, zaren ibada da ke rataye a kafaɗarsa yana lilo a kan haƙarƙari. Gidan ya yi tsit, gwaibar tsakar gida ta zubar da 'ya'ya babu mai tsinta.

"Dakta, ka iso? Wannan tumbin a ɗakin karatu ka samo shi?"

Na durƙusa na taɓa ƙafarsa. Bai bari na zauna daidai ba ya ce, "Na samu amsar."

Ban tambayi wace amsa ba, tambaya ɗaya ce a rayuwarsa. Na zaro alƙalami.

"Kawu, faɗi in rubuta. Mu buga ta a mujalla da sunanka a sama, har Turai za a karanta."

"Mayar da alƙalaminka. Ɗanyar tukunya ce, ba ta shiga wuta ba. Shekara biyu ina juya ta ban ga tsaga ba, amma mai abu ba ya ganin tsagar abinsa. Ina so in zauna a dama. Sau ɗaya. In faɗe ta a gaban jama'a, mai hagu ya kai mata duka iya ƙarfinsa. In ta tsaya, na san gaskiya ce." Ya kalli bakin ƙofa. "Ina so in san 'yar Rahika tana nan a wani wuri, ita ɗin. Ba wai ina ji a jikina kawai ba. In sani."

Ya riga ya yi magana da shugaban zama, Pandit Tejnath Mishra, wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana karɓar mayafi a gabansa kafin ya hau kujera. Tejnath ya amince nan take, har yana cewa ai ya kamata tun tuni, kamar ba da shi ake tsallake gidan ba.

Na ce, "To wa zai zauna a hagu?"

"Kai."

"Haba Kawu."

"Wa kake so? Na zagaya Amtol da ƙauyuka shida, babu wanda zai taɓa tabarmar nan ko da sanda. Ba kai ka rubuta takarda a kan mabiya Buda ba? Uwarka ta ce har Jamus ka je ka karanta musu."

Gaskiya ne, na je, an tafa mini. Girman kai ne ya sa na amsa, ba wani abu ba. Ya ce in riƙa zuwa duk ƙarshen mako har wata biyu ya ɗora ni a kan tambayar. Sau uku na zo. Yau takardun jarrabawa, gobe zaman kwamiti, jibi ɗaurin auren 'yar shugaban sashe. Na ce a raina abin da na rubuta shafi talatin a kai ba zai gagare ni a rumfar ƙauye ba. Na kwafe tambayoyin a kan ƙananan katuna na sa a aljihu.

Taron ba kamar da ba ne. Da, an ce, har kan bishiyoyi ake hawa. Ran nan tsofaffi ne kamar talatin a rumfa, sauran jama'a suna can gefen tukwane, an kafa lasifika tana tsuwa. Kawu ya zo cikin sabon farin zane, ya zauna a dama a ɗarare kamar wanda ya sa takalmin wani. Ni na zauna a hagu, tabarmar ta lotsa daidai zamansa.

Sanskrit ɗina na rubutu ne. Ina buɗe baki na ji harshena ya yi nauyi. Na lallaɓa na kawo ƙananan tambayoyin farko, ya amsa su a hankali, yana gyaɗa mini kai kamar mai koya wa mutum tafiya. Sai muka zo kan babbar. Na duba katina na karanta: "Abin da mutum ya manta, bai faru gare shi ba."

Kawu ya rufe ido.

"Ba haka suke cewa ba," ya faɗa ƙasa-ƙasa, a harshen gida. "In ka faɗi haka, ɗalibin shekara biyu zai ce maka uwarka ta ga haihuwarka. Ba cewa za ka yi bai faru ba. Shaida za ka nema. Sake."

Na sake.

"Ka bar ƙofar baya a buɗe. Zan ce maka alamar ranar tana kwance a cikin rai tana barci. Toshe ta tun kafin in kai."

Ban san yadda ake toshe ta ba. A zuwa na huɗu da ban yi ba ya shirya koya mini. Na hau juya katuna, ɗaya ya faɗi, iska ta ja shi ƙarƙashin wani tsoho, aka kwashe da dariya.

Tejnath ya sunkuyo. "Ugranath, yau kai mai dama ne. Ya buɗe maka ƙofa, shiga abinka. Faɗi amsarka, rana tana yi, shinkafa tana hucewa."

"Amsata ba ta wannan tambayar ba ce."

"Haba, tambaya ai tambaya ce. Shekara hamsin kana hana mutane shan iska, yau an ba ka a sama ka ƙi karɓa?"

Kawu ya dube ni. Babu fushi a idonsa, da ma akwai da na fi jin sauƙi. Sai ya dafa ƙasa ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. Taku huɗu ne tsakanin tabarmin biyu. Ya tako su, ya tsaya a kaina.

"Matsa, Dakta."

Na matsa. Ya zauna, ya gyara zanensa, ya fuskanci tabarmar da ya baro babu kowa a kai, ya fara daga farko.

Ban taɓa jin sa kamar ran nan ba. Muryarsa ta cika rumfar, wani ya tashi ya kashe lasifikar, masu gadin tukwane suka matso. Ya gina tambayar hawa-hawa, duk amsar da aka taɓa ba shi a shekara hamsin ya kawo ta da kansa, ya gyara ta ta fi yadda mai ita ya faɗe ta, sannan ya rushe. Na ga Tejnath yana jin tasa amsar ta wuce, ya sunkuyar da kai. Can sai muryar Kawu ta sauka.

"In kuwa mai dama ya ce: mun ga wadda mantuwa ta share mata komai, ba ta san sunanta ba, ba ta san 'yarta ba, amma kullum tana bakin ƙofa tana jira, ba ta ma san wa take jira ba. In ya ce: tunawa ta tafi, mai jira ta rage, ita ce ran da muke faɗa, kuma ba ta dogara da tunawa ba…"

Babu wanda bai san wadda ake nufi ba. Ni kuma na gane amsar ke nan, ita ce ya yi shekara biyu yana riƙo. Ya kawo ta ne don ya ajiye ta a tsakiya, ya koma dama ya tsaya a kanta. Har ya dafa ƙasa zai tashi. Sai ya tsaya a haka, hannu a ƙasa, bakinsa a ɗan buɗe. Ina kusa da shi, na ga lokacin da abin ya zo masa.

Da a ce ya tashi ya koma dama, babu mahaluƙin da zai san wata hujja ta zo masa. Mun daɗe muna jira. Sannan ya janye hannunsa ya koma ya zauna.

"To sai mu ce masa, je ka gidan kowane mai lambu. Reshen gwaiba da aka ja da igiya aka ɗaure ga katanga tun yana ɗanye, igiyar ta ruɓe ta faɗi tun shekaru, reshen yana nan a karkace yana fuskantar katanga. Na jiya ya bar wa na yau karkatarsa, na yau zai bar wa na gobe. Shin za ka ce akwai wani a cikin reshen da yake jiran igiya?"

Ya kalli tabarmar dama.

Tejnath ya ce a hankali, "Ugranath, koma wajenka ka amsa."

Ya girgiza kai. Ya juya ya bi tsofaffin da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Akwai mai amsa? Ko waye. Ba sai da Sanskrit ba." Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ya zo kaina, ni kuma na duba katunana. Sai aka kaɗa ganga.

Tejnath ya miƙe ya ce dama ta yi nasara, don abin da aka gada a faɗa ke nan. Ya tsaya da mayafin a hannu yana duban tabarmar da babu kowa, sannan ya zo ya yafa wa Kawu a nan inda yake zaune. Aka tafa. Da yawa sun ɗauka ya ci ne. Aka zaunar da shi a farkon layi, aka fara zuba wa ganyen ayabarsa kafin na kowa, ya ci loma uku ya tashi.

Muka bi bakin tafki zuwa gida, rana tana dukan ƙeya. Ya naɗe mayafin ya riƙe a hammata.

Na ce, "Kawu, ka yafe mini."

"Da ka zo duk ƙarshen makon ma, da hujjar gwaibar nan za ka zo mini. Ko ba ka zo da ita ba, tana nan."

"Da ka yi shiru da maganar gwaibar, ai babu wanda zai sani."

"Ni fa?"

Muka yi tafiya kaɗan. Ya ce, "Kullum ina zaune ina kallon bishiyar nan a tsakar gida. Shekara biyu ban gani ba. Ina zama a hagu ta fito." Ya tsaya ya huta a jikin wani mangwaro. "Har yanzu na yarda 'yar Rahika tana nan, Dakta. Amma ba ni da abin da zan ce. A jami'ar nan taku, da duk littattafan nan, babu mutum ɗaya da zai nuna mini na yi kuskure? Ko a ina yake. Da ƙafa zan je."

Na bi sunayen abokan aikina a kaina, na gida da na waje, masanan da na zauna da su a manyan taruka. Duk sun san wane ya ce me, a wane ƙarni. Ban tuna ko ɗaya da zai iya zama a gabansa minti goma ba. Na ce zan tambaya.

Na rubuta wasiƙa goma sha ɗaya. Mutum biyu suka amsa, duka biyun suna so in gaya musu a wane littafi maganar gwaibar take, da lambar shafi. Yanzu kam kowane ƙarshen mako ina Amtol, lokacin da zuwan ba shi da amfani. Kafin in cire takalmi zai ɗago kai ya ce, "An samu?" Wata bakwai yana tambaya.

Da na ga ya daina iya zuwa tafki, na zauna na haɗa amsa da kaina. Mako uku na yi a kanta, ban taɓa wahala a kan wani rubutu haka ba. Na zo na zauna a bakin gadonsa na ce masa wani babban malami ne daga kudu ya aiko. Ya sa na tayar da shi zaune, ya gyara zanensa, ya saurara har ƙarshe, idonsa yana haske. Da na gama sai ya rushe ta da jimla biyu, a hankali, kamar mai ba da haƙuri, hawaye yana bin kumatunsa.

Ya kama hannuna ya riƙe da ƙarfi. "Taka ce, na sani. Ba ta da laifi, farkonta ya yi kyau. Sake gwadawa, ɗana. Ka ji? Sake gwadawa."

Na ce to. Ba ni da wata. Ya rasu bayan kwana tara, ina Darbhanga ina kan shafi na biyu na sabuwar amsa.